Wane magani zan saya? Amsoshi kan itatuwa da ciyawar gida a Legas

Assalamu alaikum. Tun da damina ta kankama, tambayoyin da ke shigowa kusan duk hanya ɗaya suka bi: ganye ya yi rawaya, ciyawa ta ƙone, itace na zubar da 'ya'ya, wane magani zan saya? Zan amsa su ɗaya bayan ɗaya, amma in faɗa tun yanzu cewa a yawancinsu amsar ba a cikin kwalba take ba. Mu da muka taso a Arewa mun koyi shuka a ƙasar da ƙishi ne babban abin tsoro, shi ya sa da mun ga ganye ya langaɓe sai mu ɗauko bokiti. Legas kuwa ruwan da take samu a shekara ya kusa ninka na Kano, iskarta a jiƙe take dare da rana, kuma a Lekki ko Ajah ba sai ka yi haƙa mai zurfi ba za ka tarar da ruwa. A garin nan ruwa ya fi ƙishi kashe shuka.

Tambaya: Ina aikin gadi a wani gida a Lekki, ni ne kuma ke kula da fulawa da ciyawa. Ciyawar tana ta yin faci-faci, wuri ya yi ja ya bushe, alhali kullum da magariba ina ba ta ruwa. Wani abokin aiki ya ce yunwa ce, na sayi yuriya na watsa, sai abin ya ƙaru. Yanzu madam ta ba ni kuɗi in sayo magani, ta ce in ba ta gyaru ba za a kawo wani. Me zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya tsare maka abincinka. Riƙe kuɗin nan tukuna. Je bakin facin, daidai inda kore ya haɗu da busasshe, ka kama ciyawar ka ja. In ta taso cikin sauƙi babu saiwa a jikinta, tona ƙasar kaɗan, za ka iske gwazarma ko gara suna cin ta daga ƙasa. In kuwa saiwar tana nan daram, ganyen ne ke zarewa, gindinsa ya ruɓe yana santsi, to fumfuna ce, kuma ita na fi zato a wurinka. Ciyawar da aka jiƙa da magariba a Legas haka za ta kwana a jiƙe har hantsi, ga ɗumi ga laima, abin da fumfuna ke nema ke nan. Yuriyar da ka watsa kuma ta yi ɓarna ta fuska biyu. Kashi 46 cikin 100 na nauyinta naitirojin ne, duk inda ta taru sai ta ƙone wurin. Inda ba ta ƙona ba kuma sai ta fito da sabon ganye mai taushi, wanda fumfunar ta fi saurin ci.

Sai ka gwada tsutsa. Zuba cokali 2 na sabulun wanke-wanke na ruwa a cikin lita 4 na ruwa, ka kwarara a bakin facin da yamma, ka tsaya minti 10. In tana ciki za ta fito sama da kanta. Tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Afirka a 2016, wadda a nan kudu maso yammacin Najeriya aka fara ganinta, tana cin ciyawar ado ma. Da dare take kiwo, shi ya sa ake wayar gari a ga ɓarna ba a ga mai ɓarnar ba. In ita ka gani, nan ne sayen magani ya yi daidai. Nemi wanda manoman masara ke amfani da shi, wanda a jikin ledarsa aka rubuta emamectin, ka fesa gab da magariba bisa ma'aunin da ke rubuce, kada ka ƙara ko kaɗan.

Ka kuma dubi inda facin yake. Kusa da janareta ne, ko inda ake wanke mota? In dizal ya zuba, sai an kwashe ƙasar wurin an kawo sabuwa, babu maganin da zai gyara. In akwai kare a gidan, fitsarinsa na barin ɗan da'ira busasshe wanda gefensa ya fi ko'ina kore. Yawancin filayen Lekki cike su aka yi da yashi, wasu magina kuma sukan binne ɓaraguzan bulo da siminti su yayyafa baƙar ƙasa 'yar kaɗan a kai. Soka rodi a tsakiyar facin. In ya tokare tun bai shiga taƙi ɗaya ba, ka gano ciwon.

In fumfuna ce, ka daina ban ruwa gaba ɗaya muddin ana ruwan sama. Da rani ka mayar da shi bayan asuba, sau 2 ko 3 a mako, yadda kowace murabba'in mita za ta sami kamar lita 25 a makon. Kwashe matacciyar ciyawar da manjagara, ka sossoka ƙasar don iska ta shiga, ka kai wuƙar injin yanka a wasa, domin dakusasshiyar wuƙa yayyaga ganye take yi, ta nan cuta ke shiga. Kada ka yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ciyawa a yanka ɗaya. Sai in ka yi wannan duka facin na ci gaba da faɗi ne za ka sayi maganin fumfuna mai suna mancozeb, ka fesa sau biyu da tazarar mako guda. Taki kuwa sai ta farfaɗo: cokali 2 na NPK 15-15-15 a murabba'in mita, lokacin da ganyen ba a jiƙe yake ba, ka bi da ruwa nan take.

Ka yi wa madam bayani da ladabi, ka nuna mata abin da ka gano da idonta, ka ce ta ba ka makonni 4 zuwa 6. Ciro 'yan gutsattsari daga inda ciyawar ke da lafiya ka dasa a wuraren da suka mutu. In kuɗi ya ragu ka mayar mata, wannan zai ƙara maka daraja a gidan.

Tambaya: Akwai mangwaro a tsakar gidanmu a Agege, marigayi maigidana ne ya dasa shi. Ganyen duk ya yi baƙi, tururuwa na hawa da sauka, wani abu mai danƙo na ɗigowa yana ɓata shanya. Yana yin fure amma ya zube, 'yan waɗanda suka tsaya kuma in an yanka sai a ga tsutsa. 'Ya'yana sun ce a sare, wani mai feshi ya ce zai yi mini da fiya-fiya. Wanne zan bi?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya sa itacen nan ya zame masa sadaka mai gudana. Kada a sare shi, kuma kada ki bar mai fiya-fiya ya matso kusa da shi. Abubuwa uku ne suka haɗu a kansa, kowanne da hanyarsa.

Baƙin da kike gani bai shiga cikin ganyen ba. Ki sa a tsinko ɗaya a goge da jiƙaƙƙen tsumma, za ki ga kore a ƙarƙashi. Juya bayansa kuma za ki ga wasu fararen ƙwari masu gari-gari a jiki sun jeru a kan jijiyar ganyen. Su ne ke tsotson ruwan itacen suna fitar da darɓa, darɓar ce ke ɗiga a kan shanyarki, ita ce kuma baƙar fumfuna ke tsirowa a kanta ta tare wa ganye rana. Tururuwar ma darɓar take bi, kuma tana gadin ƙwarin daga masu cin su. Wannan ƙwaro baƙo ne, daga Asiya ya shigo, aka fara ganinsa a Togo da Gana a farkon shekarun 1980, ya yi wa mangwaro da lemu mummunar ɓarna a duk gaɓar tekun nan. Abin da ya karya shi ba feshi ba ne. A ƙarshen shekarun ne masana na cibiyar binciken noma ta IITA, mai hedikwata a Ibadan, da abokan aikinsu suka kawo wata 'yar mitsitsiyar zanzaro daga Indiya suka sake ta, wadda ke saka ƙwanta a cikin jikin ƙwaron ta kashe shi. Har yau tana nan tana wannan aiki a itatuwanmu ba tare da mun lura ba. Maganin ƙwari mai ƙarfi ita yake fara kashewa, shi kuwa farin ƙwaron garin jikinsa na kare shi, sai ya dawo ya fi da yawa.

Ga kuma haɗarin da ya fi wannan. Fiya-fiya guba ce mai shiga ta numfashi da ta fata. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabenta a kasuwanni saboda rayukan da ta ci. A tsakar gidan da ake girki, yara na wasa, wataƙila ga rijiya ga kaji, ban yarda a fesa ta sama ta sauko a kan mutane ba, ko da kyauta ne.

Kuɗin da za ki ba mai feshi, ki ba wanda ya iya sassabe da zarto. Da zarar an gama cin 'ya'yan bana, a cire busassun rassa da waɗanda suka cushe tsakiya, a rage masa tsayi, har rana da iska su riƙa ratsa shi. A fitar da rassan daga gidan. A ɗaure gindin da leda mai kauri a shafa giris a kan ledar, ba a kan ɓawon ba, don tare tururuwa, a kuma yanke duk reshen da ya taɓa katanga ko rufi, domin ta nan za ta zagayo. Sannan a nemo busassun 'ya'yan darbejiya, giram 50 ga kowace lita ta ruwa, a daka a jiƙa su kwana, a tace, a ƙara ɗan sabulu, a fesa bayan ganye da yamma, mako-mako har sau uku. Baƙin zai riƙa ɓarewa da kansa in darɓa ta tsaya.

Zubewar fure wata fumfuna ce daban, mai son laima, wadda ke baƙanta furen ta kuma bar baƙaƙen tabo a jikin 'ya'ya. Maganinta yana aiki ne kafin ta kama. Lokacin da fure ya fara leƙowa, wajen Disamba zuwa Janairu, a fesa mancozeb duk mako biyu. Bayan 'ya'ya sun ƙulla a koma wanda aka rubuta copper a jikinsa. In itacen ya fi ƙarfin injin feshi na goyo, kada ki yi asarar kuɗinki, sassaben ya fi amfani. Ki kuma sani cewa mangwaro na son rani mai tsawo, don haka na Legas ba zai yi 'ya'ya kamar na Binuwai ko na Zariya ba, komai hidimar da aka yi masa.

Tsutsar ciki kuwa ta wani ƙuda ce mai huda 'ya'yan ya saka ƙwai. Wanda ya fi ɓarna yanzu a Kenya aka fara ganinsa a 2003, cikin 'yan shekaru ya iso yammacin Afirka. Shagunan kayan noma na sayar da tarkonsa mai sinadarin methyl eugenol, yana da kyau ki saya ki rataya biyu, amma maza kaɗai yake kamawa. Babban aikin na jikoki ne: kullum a tsince duk wanda ya faɗo, a zuba a baƙar leda a ɗaure tam a bar ta a rana mako guda. In aka bar su a ƙasa, tsutsar na shiga ƙasa ta fito sabon ƙuda. A kuma riƙa tsinke mangwaron da zarar ya ƙosa, ya ƙarasa nuna a ɗaki.

Tambaya: Kauci ya fito a kan lemuna a Ojo. Maƙwabta sun ce in bar shi saboda ana magani da shi. Zai cutar da itacen?

Amsa: Zai cutar da shi, Malam. Kauci saiwarsa a cikin reshe take, ruwa da abincin lemun yake sha, kuma duk abin da ke gaba da shi a reshen sai ya ƙanjame. Tsinke ganyensa ba ya kashe shi, zai sake tohowa. Yanke reshen gaba ɗaya, kamar taƙi biyu ƙasa da inda ya kumbura, kafin ya yi 'ya'ya, domin tsuntsaye ne ke ɗaukar 'ya'yan masu danƙo su manna a wani reshen. Babu abin saya a nan sai zarto mai kaifi. Abin da ka yanko ka ba maƙwabtan.

Tambaya: Na kusa gama gini a Sangotedo, ina son filin ciyawa a gaban gida. Masu sayarwa sun kawo mini ciyawar kafet, da ta Fatakwal, da wata mai siririn ganye, wani kuma ya ce in shimfiɗa ta roba in huta. Wacce ta fi?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa a shiga a sa'a. Kafin ka zaɓa, tsaya a filin ka ga awa nawa rana ke samunsa. Mai siririn ganyen nan, wadda suke kira Bahama, ita ce kiri-kirinmu na gida. Tana jure tattaki da fari da ɗan gishiri, amma rana take so sosai, a inuwar katanga ko ta itace sai ta sirance ta ɓace. Ciyawar kafet mai faffaɗan ganye tana ɗaukar inuwa da damshi, ita ta fi dacewa da yawancin gidajen Legas masu doguwar katanga, sai dai ba ta son gishiri kuma ba ta jure ƙishi a kan yashi. Ɗanɗana ruwan burtsatsenka, in da gishiri-gishiri a baki, kada ka sayi kafet sai in da wani ruwan za ka ba ta. Ta Fatakwal tana da tauri, ba ta neman taki da yawa, amma in aka yi jinkirin yanka tana fitar da 'ya'ya masu tsini da ke maƙale wa wando da safa. Ga gidan da yara za su yi birgima, ba ita zan zaɓa ba. Masu sayarwa na cakuɗa sunayen nan, don haka je ka gan ta a tsaye inda ake rainonta kafin ka biya.

Ta roba ba ta ciwo, gaskiya ne, amma da rana tsaka tana zafin da ƙafa ba ta iya takawa, kuma in ruwa na kwanciya a ƙarƙashinta wari take yi. Ga baranda ko ɗan lungu ta yi. Ga babban fili ban ba ka shawararta ba.

Inda aka fi cutar masu gida shi ne wajen ƙasa. Tifar baƙar ƙasa mai araha sau da yawa daga fadama ake ɗebo ta, cike da 'ya'yan aya-aya da saiwar tofa, waɗanda in suka shiga cikin ciyawa sai an yi shekaru ana fama. Ka sa a baza ƙasar, kaurin santimita 10 zuwa 15, da ɗan gangare zuwa kwata don kada ruwa ya kwanta, sannan a bar ta makonni 3 ana jiƙawa. Duk abin da ke ɓoye zai tsiro. A tone shi, ko a fesa masa maganin kashe ciyawa mai suna glyphosate, a jira ya mutu, sannan a dasa. Bayan an dasa kuwa, glyphosate kada ya sake shiga gidan, domin ba ya bambanta ciyawar ado da ta banza, filaye da yawa sun mutu a kwana kaɗan ta haka. In wani ya kawo maka wani maganin ciyawar mai suna paraquat ka ƙi karɓa, guba ce mai kisa, kuma a 2023 NAFDAC ta sanar da janye ta daga kasuwa. Takin dabbobi akwai shi a mayankar Oko-Oba, amma sai wanda ya ruɓe ya huce. Ɗanye na ƙona saiwa, yana kuma kawo gwazarma da irin ciyayi. Lokacin dashe mafi kyau farkon damina ne, Afrilu zuwa Mayu, ko kuma Satumba in ruwa ya dawo bayan hutun Agusta.

Tambaya: Ina da itatuwan kwakwa a wani fili wajen Badagry. Biyu daga ciki ganyensu na ƙasa ya yi rawaya, ɗaya kuma yana zubar da 'ya'ya ƙanana da manya. Wani ya ce in biya shi ya yi musu allura. In biya?

Amsa: Kada ka biya, Malam, sai an hau an duba. Rawayar tsofaffin ganye kaɗai, alhali kan itacen kore ne kuma 'ya'ya na riƙe, yawanci yunwa ce. Yashin bakin teku ba ya riƙe abinci, ruwa na wanke shi. In ganyen na da ɗige-ɗigen ruwan lemu, fotash ne ya yi ƙaranci. In gefensa ne ya yi rawaya tsakiya na kore, magniziyam ne. Taki mai fotash da yawa, da toka, da ɓawon kwakwar kanta a jere kewaye da gindi, suna gyara wannan, amma sai a sabon ganye za ka ga canji. Kada a sare ganyen da bai gama bushewa ba, itacen na janye abincin da ke cikinsa.

In sabon ganye na fitowa a yanke kamar an sa almakashi, buzuzu mai ƙaho ne ke huda kan itacen. A zaƙulo shi da waya mai lanƙwasa, a cika ramin da yashi, a kuma kwashe ruɓaɓɓun kututture da tarin taki da ke kusa, domin a ciki yake haihuwa.

Wanda ke zubar da 'ya'ya shi ya fi damuna. A sa mai hawa ya buɗe sabon furen da bai fashe ba. In bakinsa ya yi baƙi ya mutu, ga 'ya'ya manya da ƙanana na zuba, ga rawaya na hawa daga ƙasa zuwa sama, alamun cutar nan ce mai kashe kwakwa, wadda tun 1917 aka san ta a Najeriya, a yankin Awka. Cikin 'yan watanni kan itacen ke faɗuwa ya bar kututture tsaye. Ba ta warkewa, kuma barin itacen a tsaye haɗari ne ga sauran. Kafin ka sare ka kai rahoto hukumar kula da kwakwa ta jihar Legas, LASCODA, su aiko wanda zai tabbatar. In za ka sake dashe, ta wajensu ko cibiyar binciken kwakwa ta NIFOR da ke kusa da Benin ya kamata ka nemi iri.

Tambaya: Ina kasuwanci a Mile 12. Sau biyu ina sayen dashen lemu da gwanda a bakin titi suna mutuwa. A ina zan sami na kirki?

Amsa: A cikin masu rainon itatuwa na bakin titi akwai na ƙwarai, da yawansu ma 'yan'uwanmu ne, amma dole ka duba da kanka. Lemu ko mangwaro, nemi mai aure, ka ga tabon auren da idonka a ƙasan kara. Ka ce a tsaga ledar: saiwa mai lafiya fara ce, ba ta wari, kuma ba ta naɗe kanta a gindin leda ba. Juya bayan ganye ka duba fararen ƙwari. Ƙaramin dashe mai lafiya ya fi babba da ya tsufa a leda, kuma araha ba ta ado. In da yawa kake so, cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Ibadan na sayar da masu aure da sunan irinsu.

Amma ina zaton ba daga mai sayarwa mutuwar take ba. In ka yi musu kwarin ban ruwa irin na gida, shi ne. Gwanda in ruwa ya kwanta a gindinta kwana biyu ta tafi, lemu kuma gindinsa ke ruɓewa ya riƙa tsatso ƙaro. Tara ƙasa ka yi tudu, ka dasa a kai, tabon aure ya zauna sama da ƙasa sosai.

Tambaya: Akwai wani babban itace a ƙofar masallacinmu a Idi-Araba, a inuwarsa ake zama. Wani abu mai tauri irin laimar kwaɗi ya fito a gindinsa, gara ta hau shi, kuma kamar ya ɗan karkata. Wasu sun ce a shafa farar ƙasa, wasu baƙin mai, wasu a cike kogon da siminti. Me kwamiti zai saya?

Amsa: Dattawa, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa, domin na san ba shi kuke son ji ba. Babu ɗaya daga cikin ukun da zai taimaka. Abin da ya fito a gindin nan 'ya'yan wata fumfuna ce da ta daɗe tana cin saiwa da zuciyar itacen daga ciki. Kafin ta bayyana a waje ta riga ta yi nisa, kuma ko an ɓare ta ruɓar na nan. Garar ba ita ta fara ba, mataccen itace ta tarar. Farar ƙasa ado ce. Baƙin mai na kashe ɓawon da ya rage da rai. Siminti kuwa ɓoye ramin kawai zai yi, ya riƙe damshi a ciki.

Irin wannan itace na iya zama da koren ganye har ranar da zai faɗi, kuma lokacin faɗuwarsa shi ne iskar farkon damina ko bayan ruwan Yuni da Yuli, sa'ad da ƙasa ta jiƙe ta saki saiwa. Ku duba ɓangaren da ya karkata ya bari. In ƙasar wurin ta ɗago ko ta tsage, abin ya zama na gaggawa. Ku buga gindin da guduma, in yana amsawa da ƙarar kogo, wannan ma shaida ce.

Kada ku kira mai injin yanka kai tsaye. A Legas doka ta hana sare itace ba da izinin hukumar kula da lambuna ta jihar, LASPARK, ba, wadda aka kafa da dokar 2011, kuma ana cin tara. Kwamiti ya rubuta musu, a haɗa da hotunan gindin da na karkatar, a nemi su zo su duba. In an sare, a tone kututturen da manyan saiwoyin gwargwadon iko, sabon dashen kuma a matsar da shi gefe. Darbejiya na yi a Legas kuma tana saurin ba da inuwa. Ku guji cediya da danginta kusa da gini, saiwarsu na fasa sokawe da kwata. Kowane babban itace a ba shi aƙalla mita 5 daga katanga. Tun zamanin Fashola jihar ta ware 14 ga Yuli don dashen itatuwa, ruwa ma yana nan a lokacin, kuna iya sa ranar a gaba.

Kafin amsar hukuma ta zo, daga yau a janye benci da tabarmi daga ƙarƙashinsa, a gaya wa masu ajiye babura da masu talla su matsa, yaran makarantar allo kuma a mayar da su ɗaya gefen.